Ƙira ta Intanet: Nasiha ga Matasan Kubwa Masu Neman Kayan Inji na Musamman

Ƙira ta intanet hanya ce da mutum yake aika zanen wani ɓangare na inji ko na'ura zuwa shafin kamfani, manhajar kamfanin ta duba zanen ta yanke farashi nan take ko cikin 'yan sa'o'i, ya biya, a ƙera masa adadin da ya nema, ko da guda ɗaya ne, a aiko masa. Abin da ake saye ta nan ba ya kan kanta yana jiran mai saye. Sai an yi oda ake fara yinsa. Giyar roba ta tsohon injin buga takarda da aka daina yin kayan gyaransa, akwatin na'urar auna ruwan tanki, haƙorin injin ƙulla ledar ruwa, allon lantarki na ɗalibin da ke aikin kammala digiri, duk irin su ake nema. Matashin Kubwa mai gyaran inbata, ko mai haɗa sola, ko mai ƙirƙirar ƙananan na'urori, da kwamfuta da katin banki kawai zai iya shiga harkar. Wannan sauƙin shiga shi ne kuma yake sa a yi asara a cikinta.

Injina iri biyu ne suka haifi sana'ar. Na farko injin sassaƙa ƙarfe ne da lissafi ke tuƙawa maimakon hannun mutum, wanda aka nuna samfurinsa a jami'ar MIT ta Amurka a 1952, kuma shi ne kakan injinan da ake kira CNC a yau. Na biyu shi ne injin 3D, mai gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa. Chuck Hull ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1986, kuma da wa'adin mallakar nau'in da ke narka zaren roba ya ƙare a 2009 sai farashin injinan ya faɗi warwas. Intanet ta zo ta haɗa mai zane da mai inji. Kamfanin da ake kira Protolabs yanzu ya fara a jihar Minnesota a 1999, Shapeways a Holan a 2007, Xometry a jihar Maryland a 2013, sai 3D Hubs a Amsterdam shi ma a 2013, kafin Protolabs ya saye shi a 2021. A ƙasar Sin, JLCPCB da PCBWay sun yi suna da allunan lantarki, daga baya suka ƙara aikin CNC da na 3D da yankan farantin ƙarfe. Wasu kamfanonin suna da masana'antarsu, wasu kuma dillalai ne, irin Xometry, da ke karɓar aiki su miƙa wa ɗaya daga cikin dubban ƙananan masana'antun da suka yi rajista da su. Ba kowanne ke aiko kaya Nijeriya ba, don haka jerin ƙasashen da kamfani ke kai wa kaya shi ake fara dubawa, tun ba a ɓata lokaci ba.

Akwai ma tambayar da ta riga wannan: shin kayan yana bukatar ƙetare teku kuwa? Kubwa, da ke ƙaramar hukumar Bwari, kewaye take da wuraren aikin ƙarfe. Kasuwar kayan gini ta Dei-Dei na maƙwabtaka da ita a kan babbar hanyar Zuba, ga rodi ga fayif ga masu walda. A Zuba akwai kasuwar kayan gyaran mota, a cikin gari akwai unguwar makanikai ta Apo, a Idu kuma unguwar masana'antu, inda hedikwatar NASENI take, hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 1992 don bunƙasa ƙere-ƙere. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016 yana da tasha a Kubwa. In ya sauke mutum a Rigasa, sai mutum ya shiga garin Kaduna ya isa kasuwar Panteka, wadda ta daɗe da shahara wajen zubi da ƙira. Mai son ƙarasawa Kano, ga Ƙofar Ruwa. Duk abin da yake babba, mai nauyi, ko wanda kuskuren milimita guda ba ya ɓata shi, aikin gida ne: firam, ƙafar inji, tanki, fuli, shaf ɗin injin markaɗe. Ɗauko irin wannan daga Shenzhen ta ƙasar Sin wauta ce, domin kuɗin jirginsa zai ninka kuɗin ƙirarsa. Inda intanet ke da rana shi ne abu ƙarami, mara nauyi, mai bukatar tsananin daidaito, ko mai siffar da hannu ba ya iya fitarwa, ko na wani nau'in ƙarfe ko roba da babu shi a kasuwa. Allon lantarki mai hawa biyu ko huɗu shi ne misali mafi bayyana, don babu maƙerin da zai yi shi da zarto.

Babban abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne wanda ke ɗauke da nauyin tunani. Maƙerin Panteka ko mai injin fere ƙarfe yana karɓar abin da ya karye a hannunsa, ya jujjuya shi, ya tambayi inda yake shiga da nauyin da yake ɗauka, ya ga inda ya cinye, ya ce ai wannan rami da can bai kai haka faɗi ba. In ya gama aka gwada bai shiga ba, a mayar masa ya ƙara ferewa. Shafin intanet ba ya yin ko ɗaya a cikin waɗannan. Bai ga injin ba, bai san zafin Abuja ba, bai san nufin mai zane ba. Tamkar tela ne da bai taɓa ganin mai riga ba, takardar awo kawai aka aika masa: in an rubuta hannu kamu goma, kamu goma zai ɗinka, kuma ba shi da laifi. Manhajar takan yi gargaɗi idan bango ya cika siriri ko rami ya yi zurfin da bakin inji ba zai kai ba, wani lokaci ma injiniyan kamfanin ya aiko da tambaya. Amma damuwarsu ita ce ko abin zai ƙeru. Ko zai yi aikin da ake so, wannan ruwan mai oda ne. Tunanin da maƙeri ke yi ba tare da ya sa shi a lissafi ba ya dawo kacokan kan mai zane. Saboda haka matashin da bai iya awo ba lokacin odarsa bai yi ba tukuna, komai ƙwarewarsa a kwamfuta.

Tef ɗin magina ba ya wadatarwa a nan. Ana bukatar kalipa, ma'aunin nan mai muƙamuƙi da ke auna kauri da faɗin rami da zurfinsa. Na lantarki yana nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ko da yake in mai araha ne ba a cika dogaro da lambarsa ta ƙarshe ba. Wuri ɗaya akan auna shi sau da yawa ta fuskoki daban-daban, domin ramin da ya daɗe yana aiki ba ya zama zagayayye sosai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafar abin da ya lalace yadda aka same shi. Giyar da ta cinye ta riga ta rasa asalin girmanta, kuma wanda ya kwafe ta ya biya dala ne a ƙera masa sabuwar giya cinyayya. Abin da ya dace a auna shi ne maƙwabtanta: shaf ɗin da take hawa, mazaunin da take shiga, tazarar da ke tsakaninta da giyar da take juyawa. Sannan masu tsara injina ba sa zaɓar lamba da ka. In awo ya nuna 19.93, mai yiwuwa asalinsa 20 ne. In ya nuna 12.68, alama ce injin na inci ne, asalin kuwa rabin inci, wato 12.7, tunda inci ɗaya milimita 25.4 ne. Abubuwan da ke da lamba ta bai-ɗaya a duniya, irin boris da noti da washa da sil da bel, ba a ba da odar ƙera su. Ana sayensu a Zuba ko Apo, a gina zanen a kan girmansu. Boris mai lamba 6204, alal misali, raminsa milimita 20 ne, faɗinsa na waje 47, kaurinsa 14, ko wane kamfani ya yi shi.

Daga nan sai batun da ya fi ɓatar da sababbin shiga, wato rangwamen awo. Babu injin da ke fitar da lamba cif-cif. Kowane awo yana da 'yar tazara sama da ƙasa da aka yarda da ita. In mai oda bai faɗi tasa ba, kamfani zai bi ta gama-gari, kuma da yawansu ƙa'idar ISO 2768 suke bi. A matsakaicin ajin wannan ƙa'ida, awon da ke tsakanin milimita 6 da 30 zai iya kaucewa da 0.2 sama ko ƙasa, wanda ke tsakanin 30 da 120 kuma da 0.3. A ido ba komai ba ne, kusan kaurin takardar rubutu uku ne. To a ɗauki mazaunin boris ɗin nan 6204. Mai zane ya rubuta 47 ya yi shiru. Kamfani ya kawo rami mai 47.3, ya cika alkawarinsa, boris kuwa sai rawa yake a ciki. Ko ya kawo mai 46.7, wanda ko da guduma boris ba zai shiga ba. A duka biyun ba a mayar da kuɗi. Abin da akan rubuta a irin wannan rami shi ne 47 H7, ma'anarsa daga 47.000 zuwa 47.025. Sai dai wanda tsoro ya sa ya ƙuntata kowane awo a zanensa ya jawo wa kansa tsada ba gaira ba dalili, domin kowace ƙuntatawa ƙarin lokaci ce a kan inji da ƙarin dubawa. A yawancin kaya wuri biyu ko uku ne kawai ke bukatar tsanani, inda abu ke haɗuwa da abu. Saura a bar su a sake.

Tiredi ma yana da nasa tarkon. Noti mai lamba M8 na yau da kullum tazarar haƙoransa milimita 1.25 ce, amma akwai M8 mai 1.0, akwai kuma na Amurka mai 5/16 na inci, kaurinsa 7.94, wanda ido ba ya raba shi da M8. Yakan shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije, mai gaggawa ya ƙara ƙarfi, tiredin ya mutu. Injinan Japan da Sin da nahiyar Turai galibi na milimita ne, tsofaffin na Amurka da Ingila na inci. Mafita mai sauƙi ita ce a kai abin wurin mai sayar da noti a gwada wanda aka san lambarsa.

Zanen kansa da manhajar zanen injiniya ake yinsa. FreeCAD kyauta ce baki ɗaya, haka KiCad ga allunan lantarki. Fusion da Onshape suna da tsarin kyauta mai sharuɗɗa. A na Onshape na gama-gari zanen a buɗe yake ga duk mai son gani, kuma sai da intanet yake aiki, abin da mai sayen data da kuɗinsa zai so ya sani. Kowane aiki da irin fayil ɗinsa: STEP ga CNC, STL ga injin 3D, DXF ga yankan faranti da leza, Gerber ga allon lantarki. Fayil ɗin STL ba ya ɗauke da bayanin ko lambobinsa na milimita ne ko na inci, shi ya sa ake duba girman da shafin ya nuna bayan ɗora fayil, kada abin da aka zana na tafin hannu ya fito kamar ƙwayar gero. Siffar kwamfuta kaɗai ba ta faɗin rangwamen awo ko nau'in tiredi, sai an haɗa da zane na biyu a takardar PDF mai ɗauke da waɗannan bayanai. Yana da kyau kuma mai zane ya riƙa tuna yadda injin ke aiki. Bakin injin CNC zagayayye ne, ba ya fitar da kusurwar ciki mai kaifi. Rami mai zurfi da ƙunci yana ƙara kuɗi. Duk lokacin da za a kwance ƙarfen a juya shi don a taɓa wata fuska, farashi ya hau. Sau da yawa 'yar gyara kaɗan a zane takan rage kuɗi ƙwarai, kuma tunda ganin farashi kyauta ne, babu abin da ya hana a gwada siffa uku ko huɗu kafin a biya.

Zaɓen abin da za a yi kayan da shi, nan ne yanayin wuri ke shigowa. Robar PLA ita ce mafi araha a injin 3D, amma tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma cikin motar da aka bari a rana a Kubwa a watan Maris zafi yana iya kai wa haka. Maƙalin da ya fito tsaf zai iya lanƙwashewa kafin la'asar. PETG tana jurewa har wajen 80, ABS ta ɗan haura 100, sai dai hasken rana yana gajiyar da ita in a waje take, shi ya sa ake zaɓar ASA ga abin da zai zauna a kan rufi kusa da fanel ɗin sola. Ga giya da abin da ke gogayya, nailan ya fi. Duk abin da injin 3D mai zaren roba ya gina yana da rauni ta inda shimfiɗu suka haɗu, don haka ana lura da ɓangaren da nauyi zai ja. A ƙarafa, alminiyom 6061 shi ne na yau da kullum, mai sauƙin sassaƙa da sauƙin kuɗi. 7075 ya fi shi ƙarfi da tsada. Baƙin ƙarfe yana tsatsa da damina in ba a yi masa fenti ko rufi ba. Abin da zai taɓa abinci ko ruwan sha, kamar bakin injin zoɓo ko na ledar ruwa, da ƙarfe mara tsatsa 304 ake yinsa, 316 kuma inda akwai gishiri ko sinadari. Tagullar da aka fi sassaƙawa a CNC tana da ɗan gubar dalma a ciki, ba ta dace da wannan aiki ba.

Farashin guda ɗaya yakan ba da tsoro, na goma ya ba da sha'awa, kuma dalilin ɗaya ne. Kafin inji ya taɓa ƙarfe sai an tsara masa hanyar da zai bi, an ɗaure ƙarfen, an daidaita bakin. Wannan kuɗin shiri sau ɗaya ake biyansa. A ƙaddara shiri dala 40 ne, kowane guda kuma dala 5: ɗaya zai tashi a 45, goma a 90, wato 9 kowanne. Ganin haka sai sabon shiga ya yi odar hamsin a karon farko, ya wayi gari da hamsin ɗin da ba sa shiga. Zane na farko da wuya ya fita daidai, ko a hannun gwanaye. Gwajin da ya fi kowanne araha shi ne a buga zanen a takarda da ainihin girmansa a shagon buga takardu, a yanke da almakashi, a ɗora a kan injin a ga ko ramuka sun dace. Bayan shi sai a yi samfurin roba, ko da na ƙarfe ake nufi. Akwai masu injin 3D a Abuja da za su yi wannan ba sai an jira jirgi ba. Sai an ga ya zauna sannan a nemi ƙarfe, guda ɗaya ko biyu, sannan adadi. Zubin roba a mazubi kuwa, irin wanda ake yin bokiti da kujera da shi, mazubin kaɗai yakan ci dubban daloli, bai dace ba sai ga mai bukatar dubban kaya da ya riga ya san masu sayensu.

Lambar da shafi ya nuna ba ita ce kuɗin kaya ba. JLCPCB ya daɗe yana tallata ƙananan alluna biyar a kan dala 2, amma kuɗin kawo su Abuja ta DHL ko makamancinsa yana ninka wannan sau da yawa. Kamfanonin jigila suna duba nauyi da kuma girman kwali, su caji wanda ya fi yawa: a tsarin DHL ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 5,000, don haka kwali mai 30 da 20 da 20 kilo 2.4 ne a wurinsu ko da robar ciki ba ta kai rabin kilo ba. Sai kuɗin fito na kwastan, wanda ya danganta da lambar ajin kaya, kuma a kan jimillar kuɗin kaya da jigila da inshora ake lissafa shi. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, ga ladan da kamfanin jigila ke ɗorawa na fitar da kaya. A watan Satumban 2025 hukumar kwastan ta fara yafe kuɗin fito ga ƙananan saƙonni da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, da iyakar sau huɗu a shekara. Irin wannan ƙa'ida takan sauya, a tabbatar da ita kafin biya. A shafin biya za a ga DDP ko DAP. Na farko yana nufin an haɗa kuɗin fito a farashi, na biyu yana nufin mai kaya zai biya in sun iso. Rage darajar kaya a takarda don a kauce wa haraji laifi ne, kuma in saƙon ya ɓace a kan ƙaramar lambar za a biya diyya.

Canji shi ne ɗaya ramin. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Matashin da ya karɓi aikin wani, ya yanke masa kuɗi da naira yau, ya biya dala bayan mako uku, zai iya cika aikin daga aljihunsa. Shi ya sa masu hankali ke karɓar kuɗin kaya tun farko su biya a ranar, ladan aikinsu ne kawai ke jira. Bankuna da yawa sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira na wasu shekaru, a 2025 wasunsu suka sake buɗewa da iyaka. Akwai katin asusun dala, akwai katunan dala na manhajojin waya, kowanne da ladansa. Biya ta cikin shafin kamfani ake yi. Duk wanda ya ɓullo ta WhatsApp da sunan wakili, ya ba da asusun kansa, a yi hattara da shi. Akwai kuma hanyar da 'yan kasuwar Kano suka daɗe da sani, ta masu kago a Guangzhou da ke tara kayan mutane su caji kilo-kilo. Ta fi araha, ta fi jinkiri, kuma da zarar kamfani ya miƙa kaya ga mai kago ya fita daga alhakinsu. Amanar mai kagon ce kaɗai ta rage.

Kwanakin da shafi ke rubutawa na ƙira ne kawai, ban da jigila, ban da zaman kwastan. Masana'antun Sin sukan rufe a bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, da kuma makon farko na Oktoba. Ɗalibin Jami'ar Abuja ko ta Veritas a Bwari da zai kare aikinsa a gaban malamai ya ware lokacin oda biyu, domin ta farko takan zo da gyara. Adireshi kuma a rubuta shi yadda direba zai gane: cewa Byazhin ko Arab Road kawai ba ya isa, sai da lambar gida, da alamar da ke kusa, da lambar wayar da ke shiga.

Akwai abubuwan da bai kamata sabon hannu ya ba da odarsu ba ko da ya iya zana su: kayan birki da na sitiyari, bakin tukunyar gas, ƙugiyar ɗaga kaya, duk abin da in ya karye rai zai salwanta. Masu yin na asali suna gasa ƙarfen su gwada shi ta hanyoyin da kalipa ba ya gani. Sassan bindiga haramun ne a doka, kuma kamfanoni da yawa ba sa karɓarsu. Jirage marasa matuƙi da wasu kayan tsaro suna bukatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kwafar kayan wani kamfani har da tambarinsa don sayarwa jabu ne, ko a Zuba aka yi shi ko a Shenzhen.

Mai sabuwar ƙirƙira kuma ya tuna zanensa zai ratsa hannaye da dama, musamman a kamfanin dillanci da ke miƙa aiki ga masana'antar da mai oda bai san sunanta ba. Dokar mallakar fasaha da zane ta Nijeriya ta 1970 tana ba da kariya ta shekara 20 ga ƙirƙirar da aka yi wa rajista, kuma hukumar NOTAP a Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen rajistar, amma kariyar ba ta wuce iyakar ƙasa. Dabarar da ta fi aiki ita ce kada a aika wa kamfani ɗaya na'ura gaba ɗaya: a raba sassan, a cire sunan abin daga fayil, haɗawa kuma a yi ta a gida. Fayilolin asali su zauna a hannun mai su, a wuri fiye da ɗaya. Shapeways, duk da sunansa da daɗewarsa, ya durƙushe a watan Yulin 2024 ya tsayar da aiki, kafin wasu su saye shi su farfaɗo da sunan. Wanda ya mai da shafin kamfani ma'ajiyarsa zai iya rasa komai a rana ɗaya.

In kaya sun iso, ana ɗaukar hoton kwalin kafin a buɗe shi, a ƙirga, sannan a auna kowane wuri mai muhimmanci a gwada da zane tun ba a ɗaura shi a inji ba. Kamfanoni suna da ƙayyadadden wa'adin karɓar ƙorafi, kuma hujjar da suke saurara ita ce hoton kalipa a kan kayan yana nuna lambar da ta fita daga abin da aka rubuta. In awon yana cikin rangwamen da zane ya bayar amma abin bai shiga ba, gyaran na zane ne, kuma sau da yawa mai injin fere ƙarfe na kusa zai iya ceto kayan da rage 'yar tsoka kaɗan, muddin kuskuren na yawa ne. Abin da aka rage fiye da kima ba ya dawowa. Duk gyaran da aka yi da hannu a mayar da shi cikin fayil a ranar, a ba sabon zanen lamba ta gaba, a ajiye tsohon tare da dalilin canza shi, da nau'in ƙarfe ko robar da aka zaɓa, da abin da aka kashe tun daga ƙira har fitowa daga kwastan. Zanen da ya kai wannan mataki ana iya aika shi ga kamfanoni uku a gwada farashinsu, ana kuma iya buga shi a takarda a kai Idu ko Panteka a ji nawa za su yi.